Layi ɗaya ya zubar mana da tankin ruwa a Jidda

Wallahi kamfanin nan sun kai ni bango. Mun sayi ƙaramin allon lantarki mai auna ruwan tanki a wurinsu, suka haɗo mana da fayil ɗinsu na C, harshen da ake rubuta wa na'ura umarni da shi. A saman fayil ɗin wani gwaninsu ya rubuta typedef unsigned char bool, wato ya ce bool, nau'in da ke riƙe e ko a'a, ya zama unsigned char, nau'in da ke riƙe ƙananan lambobi. Ni kuwa stdbool.h nake kira, fayil ɗin da C ke zuwa da shi don samar da bool, yadda ake yi tun zuwan C99, tsarin C na 1999. A cikinta bool laƙabi ne kawai na _Bool, ainihin nau'in e ko a'a na C, to da GCC, mai fassara wa na'ura rubutun C, ya iso layin nasu sai ya ga nau'i biyu a mazauni ɗaya, ya tsaya cak.

Na buga musu waya ranar Laraba. Wai matsalar daga kwamfutata take. Da na matsa, sai aka ce in cire stdbool.h kawai. Na cire, aiki ya haɗu lafiya lau, na ɗora wa na'urar, na tafi gida ina murna.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Alamar cikar tanki 256 take fitowa. Ita _Bool duk abin da ba sifili ba 1 take mayar da shi. Amma unsigned char, wadda bool ta koma da na cire stdbool.h, iyakarta 255, ka zuba mata 256 ta koma sifili. Tanki ya cika maƙil, na'ura na cewa da saura, famfo na ta aiki. Da Asuba ruwa na gangarowa ta matakala har ƙofar gida, takalman masu fita masallaci na iyo. Ruwan da aka sayo da riyal a motar wayit, wato tankar ruwa, a unguwar Sabil, cikin zafin nan! Alhaji mai gidan ya dube ni ya ce, "Ɗan nan, wannan ne injiniyancin naka?" Na rasa inda zan sa kaina.

Kuma abin haushin, C23, sabon tsarin C, ta mai da bool kalmar harshen kanta, GCC 15 na 2025 kuma a kanta yake tashi, don haka a sabon GCC layin nasu ya mutu murus. Na goge shi, na mayar da stdbool.h, minti biyu komai ya daidaita.

Da na gaya musu, buɗar bakinsu sai cewa suka yi tunda na taɓa fayil ɗinsu babu ruwansu da garanti. Su da suka ce in cire nawa! Ranar Lahadi zan kai musu allonsu da rasit ɗin wayit, su biya.