Ƙaramin gida a finafinan Meksiko ba ɗakin amarya ba ne

Ana cikin hirar fim ɗin Perfectos desconocidos a nan birnin Meksiko, wani abokin aiki ya ce wai mu Musulmin Afirka ba za mu gane abin dariyar ba, tunda addini ya halatta mana cin amana har sau huɗu. Aka kwashe da dariya. Maganar ta tsaya mini a rai, domin duk wanda ya san yadda ake gina irin waɗannan finafinai ya san mutumin ya gama abu biyu da ko hanya ba ta haɗa su ba.

Fim ɗin wankiya ne, wato kwaikwayon wani fim, amma wadda aka sayi haƙƙinta. Asalinsa na Italiya ne, Paolo Genovese ya ba da umarni a 2016. Sifaniyawa suka yi nasu a 2017, sannan Manolo Caro ya fitar da na Meksiko a Disambar 2018, da Cecilia Suárez da Bruno Bichir cikin 'yan wasa. Gininsa ba wuya: gida ɗaya, dare ɗaya, teburin cin abinci, mutum bakwai, wato ma'aurata uku da wani da ya zo shi kaɗai. Aka yi yarjejeniya kowa ya ajiye wayarsa a kan tebur. Saƙon da ya shigo a karanta kowa ya ji, kira kuma a amsa a lasifika. Da farko saƙonnin ba su da lahani, ana ta raha, sai kowane kira ya riƙa fin na baya nauyi. Ƙusar da ta riƙe labarin ita ce musayar waya: wani magidanci ya san hoton wata zai shigo masa, ya roƙi abokinsa su yi musaya tunda wayoyin iri ɗaya ne, sai asirin kowa ya faɗo a kan ɗan'uwansa.

Meksiko ta daɗe tana juya wannan labari tun kafin zuwan wayar hannu. A zamanin da suke kira na zinariya a harkar finafinansu, daga 1936 zuwa ƙarshen shekarun 1950, asiri kan tonu ne ta wasiƙar da aka manta a aljihun kwat, ko ta bakin 'yar aiki, ko wayar tarho da ta yi ƙara a falo uwargida ta riga ɗauka. Kuma abin da ake ɓoyewa ba saƙo ba ne, gida ne sukutum. Suna ce masa casa chica, ƙaramin gida: ɗaki ko bene da magidanci ke kama wa farkarsa haya a wata unguwa, yana biyan kuɗin cefane, yana leƙawa a doguwar tashin cin abincin rana da ake yi daga ƙarfe 2 zuwa 4, har a haifi 'ya'ya uwargida ba ta sani ba, ko ta sani ta kawar da kai. Roberto Gavaldón ya yi fim da wannan suna a 1950, Dolores del Río ce jarumar. Abin bai tsaya a majigi ba. Pedro Infante, mawaƙi kuma jarumin da ya fi kowa farin jini a lokacin, ya auri Irma Dorantes a 1953, kotun ƙoli ta rushe auren a Afrilun 1957 saboda aurensa da María Luisa León bai mutu ba a idon doka. Kwanaki kaɗan bayan hukuncin ya rasu a haɗarin jirgin sama a Mérida.

A nan ne masu sake tsohon labari suke tuntuɓe. Dariyar irin wannan fim tsoro ne ke haifar da ita, kuma tsoron sai akwai abin da za a rasa. A da, zina laifi ce a kundin hukunta laifuka na tarayya, ɗaurin da ya kai shekara 2 idan an yi ta a gidan aure ko ta zama abin fallasa, ga coci, ga kunyar saki. An soke wannan laifi a 2011. Tun 2008 kuma, a babban birnin ƙasar, ɗaya daga cikin ma'aurata na iya neman saki ba tare da kawo dalili ba. Idan darakta ya ɗauko tsohon makirci ya sa wa 'yan wasa tufafin zamani kawai, mai kallo zai tambayi kansa me ya hana su rabuwa tun a minti goma na farko. Abin da ya ceci fim ɗin 2018 shi ne ya mayar da abin tsoron tozarci a gaban abokai, ya kuma kulle su a ɗaki ɗaya yadda ba mai sulalewa.

Yanzu ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Ƙasar da ta daina hukunta mai farka har yau tana hukunta wanda ya ƙara aure, ɗaurin da zai iya kai shekara 5. Wato ka ɓoye mace ka zauna lafiya, ka fito da ita ka tsaya a gaban alƙali. Dokar birnin Meksiko tana ba zaman daduro wasu haƙƙoƙi bayan shekara 2 ko bayan an haihu, amma da sharaɗin babu abin da zai hana su aure, kuma idan mutum yana da irin wannan zama da mace fiye da ɗaya, babu wadda za a lissafa. Matar ƙaramin gida na iya yin shekara ashirin tana dafa wa mutum abinci, ranar mutuwarsa ta tsaya a bakin ƙofar gidan makoki kamar baƙuwa.

Dole a yaba musu abu ɗaya: ɗan da uba ya amsa nasa ne yana cin gado daidai da 'ya'yan aure. Kuma ba na cewa can gida ƙasar Hausa aljanna ce. Akwai mai ƙara aure alhali bai iya ciyar da ta farko ba, akwai mai tauye rabon kwana, ga yawan zawarawa da kowa ke kuka da shi. Amma amarya a Kano ko Damagaram tana da waliyyi, da shaidu, da sadaki, an raba goro, unguwa ta san ɗakinta, kuma tana da rabonta a tumunin takaba. Idan an zalunce ta, ta san ƙofar da za ta buga.

Shi ya sa nake jin tsoron ranar da wani furodusa a Kannywood zai yi wankiyar wannan fim kai tsaye. Hukumar tace finafinai ta Kano za ta cire giyar da ke kan tebur, wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne teburin kansa: ina aka saba maza su zauna da matan abokansu ana cin tuwo ana karanta saƙon juna? Sai dai a raba wurin biyu, maza a zaure, mata a cikin gida, wayar ta riƙa yawo a hannun yaro ɗan aike. Asirin da zai fito kuma ba farka ba ce, lefe ne da aka riga aka kai, ranar ɗaurin aure saura mako biyu, dangin miji duk sun sani, uwargida kaɗai aka bari a duhu.