Ba a duba gidan haya da rana tsaka

Tun jiya ake ta yi wa wani yaro da ya kama gidan haya jaje kan wayarsa da aka ƙwace da saran da aka yi masa a hannu a unguwar. Allah ya ba shi lafiya, amma ni wallahi haushi ya fi yawa a raina. Ɗaki biyu da falo, ga tayil, ga rijiyar burtsatse, a kuɗin da ko shago ba zai kama maka a Zoo Road ta Kano ba, kuma bai tambayi kansa dalili ba? Araha ba ta ado.

Wai dillali ya kai shi ƙarfe 12 na rana, ya ga unguwa shiru. Madalla! Ai a lokacin 'yan daban ma barci suke yi.

Sau nawa zan faɗa? Ka koma bayan Isha'i, kuma ban da dillali. Nemi mai shayi. Idan ƙarfe 9 ka tarar ya kashe wuta ya ɗaure bencinsa da sarƙa, to mutumin da abincinsa ke cikin dare ya gudu ya bar daren, kai me kake jira? Dubi mai kanti, ta 'yar kafar ƙarfe yake miƙo maka canji ko a sake yake zaune? Tare mai Adaidaita Sahu ka faɗa masa sunan layin. In ya ce "Yallaɓai, iyakata bakin titi," ya gama ba ka rahoto, kyauta. Su suka san dare, ai a 2022 har hana su fita gwamnatin Kano ta yi daga 10 na dare zuwa 6 na safe. Haska kwata da bakin kango, tun 2018 aka haramta sirof mai kodin a ƙasar nan, in ka ga kwalabe zube ka san su wa ke hira a wurin.

Na san masu cewa "ko'ina akwai ɓata-gari" suna nan tafe. Na ji. "Tsaro na Allah ne." Haka ne, amma kai ma da kwaɗo kake rufe shagonka.

Kuma kada wanda ya ce talakawa nake zagi. Akwai lungunan cikin birni da ko wutar lantarki sai an yi sa'a, amma baƙo bai isa ya yi taku goma ba a tambaye shi gidan wa yake nema ba. Abin da ke sa ni kuka shi ne unguwar da mace za ta yi ihu kowa ya ƙara danna sakata, dattijo ya koma yin Asuba a ɗaki don tsoron yaran da aka raɗa wa suna a gabansa. Wannan da rana ba ya ganuwa. Ka koma da dare.