Kwanson harsashi shaida ne, mu daina barin sa a ƙasa

Duk lokacin da jami'an tsaro suka yi holin 'yan bindiga, idanunmu kan bindigogin suke sauka. A jera su a tebur, a ƙirga, 'yan jarida su ɗauki hoto. Harsasan kuwa sai a tara su gefe guda, a ambace su a ƙarshen labari. A ganina an yi wa abin hawan ƙawara ne, domin bindigar AK-47 takan yi shekaru da dama tana aiki, amma gidan harsashinta guda 30 kawai yake ci, kuma cikin 'yan daƙiƙoƙi ake zazzage shi. Ɗan bindigar da ke dajin Zamfara yana iya sayen bindiga sau ɗaya tak. Harsashi kuwa dole a riƙa kai masa, yau da gobe.

Wani ɓangare na matsalar daga bakinmu yake. Mu da kalma ɗaya muke kiran komai: harsashi. Alhali abin da ake ɗurawa a bindiga haɗin abu huɗu ne. Akwai kwanson, na tagulla ko na ƙarfe. Akwai albarushin da ke cikinsa. Akwai ɗan maɓallin da ke gindinsa, wanda allurar bindiga ke duka ya tayar da wuta idan an ja kunama. Sai kuma ƙwayar da ke baki, wadda ita kaɗai ke fita ta tafi. A harsashin AK-47, wanda Tarayyar Sobiyet ta fito da shi a 1943, nauyin ƙwayar bai wuce giram 8 ba, amma tana barin bakin bindiga da gudun mita 700 da ɗoriya a daƙiƙa guda. Ita ce ke kisa. Kwanson kuwa bindiga ce ke tofar da shi gefe, ya faɗi kusa da ƙafar wanda ya yi harbin.

Wani ɗan'uwana ya taɓa kawo mini irin wannan kwanso daga ƙauyensu bayan an kai musu hari. Ya ce da gari ya waye yara suka yi ta tsintarsu suna cika aljihu, wasu suka ƙare a buhun 'yan gwangwan. Na juya gindinsa, sai ga lambobi biyu ƙanana, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Galibi ɗaya lambar masana'anta ce, ɗayar kuma shekarar da aka ƙera. Na Sobiyet masu lamba 539 daga masana'antar birnin Tula suke, masu 17 daga ta birnin Barnaul. Wato kowane kwanso da takardar haihuwarsa yake yawo, mu kuma muna sayar da ita a kilo.

Masu bin diddigin makamai da irin wannan suke aiki. Ƙungiyar Conflict Armament Research ta binciki makaman da aka ƙwace a jihohin Kaduna, Katsina da Zamfara, kuma rahotonta na 2020 ya nuna wasu sun fito ne daga rumbunan Libiya, wasu kuma daga na jami'an tsaron Najeriya kansu. Wannan na biyun ne ya fi ci mini rai, kuma shi ne wanda gyaransa ke hannunmu.

Na san za a ce lambar masana'anta da shekara ba su isa a kama kowa ba, tunda miliyoyin harsasai ne ke ɗauke da tambari iri ɗaya. Gaskiya ne. Shi ya sa Brazil ta ƙara mataki: harsasan da ake sayar wa jami'an tsaronta, ana zana wa kwansonsu lambar rukunin da suka fito. Da aka kashe 'yar majalisar birnin Rio de Janeiro, Marielle Franco, a watan Maris na 2018, kwansunan da aka tsinta a wurin sun nuna harsasan daga wani rukuni suke da aka sayar wa 'yan sandan tarayya tun 2006. Lambar ba ta faɗi sunan maharbin ba, amma ta nuna rumbun da ya yi yoyo, kuma hukuma ba ta da damar cewa ba ta sani ba.

Me zai hana mu yin haka? Muna da masana'antar DICON a Kaduna tun 1964, tana ƙera harsashi. Yarjejeniyar ECOWAS ta 2006 kan ƙananan makamai ta ambaci harsasai har a cikin sunanta. An kuma kafa cibiyar ƙasa ta yaƙi da yaɗuwar ƙananan makamai a 2021. A sa doka cewa duk harsashin da gwamnati za ta saya, na gida ko na waje, sai da lambar rukuni a jikin kwansonsa, a kuma rubuta rundunar da aka bai wa. Sannan duk ƙauyen da aka kai wa hari, jami'in da ya fara isa ya tattara kwansunan, ya ɗauki hoton gindinsu, ya rubuta wuri da rana. Wayar hannu da leda ɗaya sun isa wannan aikin, kuma mai unguwa ma zai iya ajiye su kafin jami'in ya iso.