Haramin Kawu Yana Ƙasan Akwati

(Filin jirgin Sarki Abdul'aziz, Jidda, wurin jiran kaya. Ayarin masu umara ne suka sauka. Malam, Alhaji Na-Sani da Ɗan Boko duk suna cikin harami. Baƙauye kaɗai ke sanye da riga da wando, ya kafa hula.)

Baƙauye: Alhamdu lillahi, ga mu a ƙasa mai tsarki. Yaro, akwatina na fitowa ka nemo mini lungu in ɗaura harami. Ku dai kun cika gaggawa, tun a sama kuka tuɓe.

Malam: Ina haramin naka yake yanzu?

Baƙauye: Can ƙasan akwati, Allah gafarta Malam. Na danne shi da takalma kada ya yamutse.

Malam: Niyya fa?

Baƙauye: Tana nan daram, ban taɓa ta ba.

Malam: To ai ka wuce miƙati, iyakar da ba a tsallake ta sai da harami.

Baƙauye: Yaushe? Ni ban ga mun tsaya ko'ina ba.

Ɗan Boko: Kawu, a sama muka wuce shi. Saura kamar rabin awa mu sauka aka yi sanarwa, da Larabci da Turanci.

Baƙauye: To ni da Hausa nake barci. Me ya hana ka tashe ni?

Ɗan Boko: Sau biyu na taɓa ka. Ka ce in ajiye maka naka, za ka ci anjima.

Na-Sani: Ku bar tsoratar da bawan Allah. Na san harkar nan ciki da bai. Jidda ai ita ce ƙofar Makka, nan kowa ke ɗaurawa.

Malam: Alhaji, miƙatai biyar ne. Zul Hulaifa na mutanen Madina, Juhfa na masu zuwa ta Sham, Ƙarnul Manazil na Najadu, Yalamlam na Yaman, Zatu Irƙin na Iraƙi. A cikinsu ka ji Jidda?

Na-Sani: Wataƙila an ƙara ta daga baya.

Malam: Akwai malaman da suka yi sauƙi suka ce wanda ya zo ta jirgin sama ya ɗaura a Jidda, ba zan ɓoye maka ba. Amma mafi yawa ba su tafi a kan haka ba, domin Jidda tana cikin da'irar miƙatai ne. Jirgin da ya keto Bahar Maliya kafin ya sauka ya riga ya daidaita da Juhfa ko Yalamlam, gwargwadon hanyar da ya biyo. Wanda bai bi ta kan miƙati ba, inda ya yi saitinsa nan ne miƙatinsa.

Baƙauye: To ai sai matuƙi ya ɗan rage gudu mutane su kintsa.

Ɗan Boko: Jirgi na cin sama da kilomita 800 a awa, Kawu. Kusan kilomita 14 ke nan a minti ɗaya. Kafin ka warware zane ka gano ina ne sama ina ne ƙasa, an wuce.

Malam: Shi ya sa ake wanka tun kafin a fito, a sa harami a jakar hannu. Mai wayo yana ɗaura zanen ƙasa tun a filin jirgin da ya taso, ko inda aka yada zango, ya ɗora riga a kai. Lokaci na matsowa sai ya cire riga da hula ya yafa mayafi. Ɗaura zane ba shi ne shiga harami ba, niyya ce. Kuma a yi ta kaɗan kafin a iso saitin, kada a jira sai an wuce. Ba kowane kamfanin jirgi ke sanarwa ba, don haka tun da wuri ka tambayi ma'aikatan jirgin. Kada kuma ka ce sai a banɗakin jirgi za ka canza, layin da ke ƙofarsa a lokacin ya isa ya kai ka Jidda.

Baƙauye: Da na farka ma ai ba ni da zanen.

Malam: Da ka farka, sai ka cire hula, ka tuɓe riga ka yafa ta a kafaɗa, ka bar wandonka, ka ce Labbaikallahumma umratan. Kana sauka ka canza. Abin da zai biyo baya a kan wandon, in ma ya biyo, fidiya ce mai zaɓi: azumi, ko ciyarwa, ko yanka. Ya fi wannan halin da kake ciki sauƙi.

Na-Sani: Kai, abin ba wuya. Mu shige Makka da shi a haka, gobe da safe tasi ya kai shi Masallacin A'isha a Tan'im, kilomita 7 kacal, ya ɗaura ya dawo. Shi ke nan.

Malam: Tan'im na wanda yake zaune cikin Makka ne ya so yin umara. Wanda ya taso daga nesa da niyyar umara ya tsallake miƙatinsa, Tan'im ba ta wanke shi.

Na-Sani: Abin da nake shirin faɗa ke nan ka tari numfashina.

Baƙauye: To yanzu mene ne abin yi? Kada dai a ce in koma sama.

Malam: Ko ka ɗaura a nan ka yi niyya, umararka ta yi, amma akwai jini a kanka. Rago ko akuya, a yanka a Makka a raba wa talakawan Harami.

Baƙauye: Ni da na saya ko tsoka ɗaya?

Malam: Rabon talakawa ne.

Baƙauye: Ai in na sayi ragon na shiga cikinsu.

Malam: Ko kuma ka koma miƙati kafin ka yi niyya, babu komai a kanka. Juhfa na arewa da nan, kusa da Rabig, sama da kilomita 180 daga Makka. Sai ka ɗauki shatar mota ta kai ka, ta jira ka, ta wuce da kai Makka. Amma ka kiyaye, in ka riga ka yi niyya a nan sannan ka tafi can, a wurin Malikiyya jinin bai faɗi ba. Ka yi asarar kuɗin mota, ga rago na jiranka.

Baƙauye: Shata kuma? Ba wata hanyar?

Malam: Tunda dama kana da niyyar ziyara, ka juya tsarin. Ka fara da Madina, ka yi kwanakinka, ranar fitowa ka ɗaura a Zul Hulaifa, wato Bi'ir Ali. A ganina wannan ta fi. Da ma tun farko tikitinka na filin jirgin Madina ne, da ba ruwanka da harami a sama.

Baƙauye: Yauwa! Yaro, ɗauko kaya mu tafi.

Ɗan Boko: Ni na riga na shiga harami, Kawu. In na bi ka, haka zan zauna ba riga ba hula ba turare har mu dawo. Kai kaɗai za ka, don haka buɗe kunne. Akwai jirgin ƙasa na Haramain, tun 2018 yake aiki. Yana kai kilomita 300 a awa. Tashoshinsa biyar: Makka, cikin garin Jidda, filin jirgin nan, Birnin Sarki Abdullah, sai Madina. Daga nan zuwa Madina kusan awa biyu. A mota kuwa kilomita 400 ne, awa huɗu ko fiye.

Na-Sani: Tashar ma ga ta nan ƙasanmu. Matakala ɗaya za ka sauka.

Ɗan Boko: Wannan a Taminal 1 ne, Alhaji, sabon ginin. Mu a tashar alhazai aka sauke mu, muna fita za ka ga rumfunan farin tanti. Akwai kuma tashar arewa, ita ma daban. Tsakaninsu ba tafiyar ƙafa ba ce, sai da mota.

Na-Sani: To sun matsar da ita ke nan.

Ɗan Boko: Tun 1981 take a wurin.

Baƙauye: In na je sai in ɗare in zauna inda na samu?

Ɗan Boko: A'a. Kowane tikiti da lokacinsa, da lambar tarago, da lambar kujera. Ana saye a manhajarsu ko shafinsu na intanet da lambar fasfo, ko a injin da ke tashar. Lokacin azumi kujeru na ƙarewa da wuri. Wanda zai saya tun kafin ya taso kuwa, ya bar tazarar kamar awa uku tsakanin saukarsa da tashin jirgin ƙasa. Layin duba fasfo, ɗaukar hoto da zanen yatsu, jiran kaya, sannan sauya tasha, duk suna cin lokaci. Kuma ana rufe ƙofa kafin jirgi ya tashi.

Baƙauye: In na makara ai sai in ɗaga masa hannu.

Ɗan Boko: Ka ɗaga, zai ɗauka ban kwana kake masa. Akwatunanka nawa?

Baƙauye: Biyu, kowanne kilo 23 cif. Sai da na cire wando ɗaya sannan sikeli ya yarda.

Ɗan Boko: Wannan ƙa'idar jirgin sama ce. Jirgin ƙasa babban akwati ɗaya ya yarda da shi, kada ya wuce kilo 25, girmansa santimita 65 da 55 da 35, sai jakar hannu. Nan ne mutane da yawa ke cijewa a bakin ƙofa, tikiti a hannu.

Baƙauye: To in zuba na biyun cikin na farkon.

Ɗan Boko: Ya zama kilo 46.

Baƙauye: Amma ɗaya ne.

Malam: Ka ba mu ɗaya mu wuce maka da shi Makka. Ka dai tabbatar wanda ka riƙe shi ne mai haramin.

Baƙauye: Duk baƙaƙe ne, Allah gafarta Malam.

Malam: Sai a buɗe.

Na-Sani: Ni dai shawarata ka bar jirgin nan. Kana fita za ka ji ana Makka, Madina, Makka, Madina. Ka bi wanda ya fi fara'a.

Ɗan Boko: Wanda ya fi fara'a shi ya fi tsada. Ka je layin tasi na filin jirgi, ko ka kira Uber ko Careem ka ga kuɗin a waya kafin ka shiga. In ciniki za ka yi, a gama shi kafin a ɗora kaya, kuma a fayyace: kuɗin kujera ɗaya ne ko na mota duka? A rubuta lambar a waya ya gani ka gani. Ka canza ɗan kuɗi kaɗan a nan, dala ɗaya riyal 3.75 ce a hukumance, masu canji na cire nasu. Ka sayi layin waya, STC ko Mobily ko Zain, da fasfo da yatsa ake yi. Sunan masaukinka kuma ka riƙe shi a rubuce da Larabci. Ka kuma kira masaukin Makka ka shaida musu ba yau za ka iso ba, kada su ba wani gadonka.

Baƙauye: Wannan duk kafin in fara ibadar?

Malam: Ibadar ma ka fara, haƙuri ai yana ciki. Saurara, ga inda ake sake faɗawa rami. Bi'ir Ali na gefen Madina, kimanin kilomita 10 daga Masallacin Annabi, kuma shi ne miƙati mafi nisa, sama da kilomita 400 zuwa Makka. In a mota za ka fito, direba zai tsaya a masallacin. Akwai wuraren wanka da yawa, akwai masu sayar da harami da silifa. Ka yi wanka, ka ɗaura, ka yi nafila, ka yi niyya, ka kama talbiya. Ka kuma haddace lambar motarku da inda ta tsaya, don kana fitowa za ka tarar kowa fari ne, motocin ma kamarsu ɗaya.

Baƙauye: In a jirgin ƙasa ne fa?

Malam: Ba ya tsayawa a miƙati.

Na-Sani: Akwai igiyar da ake ja.

Malam: Ka ja, askarawa su yi maka bayani. Ko dai tasi ya fara kai ka Bi'ir Ali ka gama komai sannan ya kai ka tasha, ko ka ɗaura zanenka tun a masauki, jirgi na tashi ka yi niyya, don ba a jimawa ake wuce saitin. Ana sanarwa, amma kai na san ka.

Baƙauye: A tsaye zan tafi, wallahi.

Ɗan Boko: Awa biyu da 'yan mintuna ne. Tashar Makka a unguwar Rusaifa take, 'yan kilomita daga Harami, sai ka hau bas ko tasi. Duk wannan tsarin na mai umara ne fa. Lokacin Hajji ba a yin gaban kai, motocin ayari ke kwasar alhazai, kuma ba mai wuce shingen Shumaisi na hanyar Jidda zuwa Makka sai da izini da katin Nusuk, wato katin shaidar alhazai. Alhaji, kawo fasfonka in saya mana namu tikitin na Makka, bai kai awa ɗaya ba daga nan.

Na-Sani: Ungo. Ni ba a kama ni da sakaci, kullum yana jikina.

Baƙauye: Tsaya, Alhaji. Daga ina ka zaro shi?

Na-Sani: Daga aljihu mana.

Baƙauye: Allah gafarta Malam, haramin zamani da aljihu yake zuwa?

Malam: Alhaji, me ke ƙarƙashin zanen nan?

Na-Sani: Ɗan gajeren wando ne kawai. Saboda tsaro.

Malam: Tun yaushe?

Na-Sani: Tun a sama.

Malam: Maza je ka cire, ka sayi bel mai aljihu irin wanda ake ɗaure zane da shi. Namiji mai harami ba ya sa abin da aka ɗinka daidai gaɓa. Fidiyarsa ɗayan uku: azumin kwana 3, ko ciyar da miskinai 6, ko yanka. Sai dai wasu malamai sun yi uzuri ga wanda bai san hukuncin ba. In ka ce ba ka sani ba, sai mu duba maka wannan sauƙin.

Baƙauye: Faɗi mana, Alhaji. Kalma uku ce. Yaro, kunna wayar nan ka ɗauka.

Na-Sani: (ya dubi Baƙauye, ya dubi wayar) Malam, miskinai nawa ka ce?