Ranar da na gano annoba a Sikotilan

Aka kwashe mu 'yan aji cikin yayyafin nan nasu da ba ya ƙarewa, sai bakin kogi, wai mu duba itatuwan alda, waɗanda littafi ke kira Alnus glutinosa, masu son jiƙa ƙafa a laka. Ruwa ya zaftare gaɓa, saiwa ta fito fili, sai ga wasu ƙulalai cunkus a jikinta, ruwan goro.

Daɗi ya kashe ni. A makon ne aka koya mana Agrobacterium tumefaciens, ƙwayar cutar da ke shiga shuka ta wurin rauni, ta cusa mata guntun DNA ɗinta, wato sinadarin gado, gindi ya kumbura da ƙari. Har na haddace cewa Smith da Townsend ne suka gano ta a 1907. Na fizgo saiwar, na ɗaga ta sama kamar mai tallan kilishi a tasha, na kwarma ihu: "Cuta! Kowa ya ja baya, a wanke takalma!"

Wallahi sai da wasu suka ja baya. Malamar ta tako a hankali, ta goge tabarau, ta juya saiwar, ta sake juyawa, ni kuwa hannuna na sama, laka na gangarowa cikin hannun rigata. Ta ce Frankia alni ce, wata ƙwayar bakteriya mai amfani, itacen lafiyarsa ƙalau. Ita ke kamo masa naitirojin daga iska, shi kuma ya biya ta da sukari, shi ya sa alda ke ƙiba a ƙasar da ba ta da taki. Sannan cikin ladabi ta tambaye ni ko ba a noman gyaɗa a garinmu.

Gyaɗa fa! Ni da na tashi ina cirar ta, ina karkaɗe ƙulalan saiwarta tun ban iya fyace majina ba.

Duk wannan da sauƙi. Wani ɗan ajinmu mutumin Funtuwa, shi ya fara tsalle baya har ya taka jakar wata Baturiya. Amma malama na rufe baki ya gyaɗa kai, wai "Ai Malam, ni tun daga nesa na gane." Daga nesa! Mutumin da yajin da Inna ta aiko mini ya ƙare a ɗakinsa, har yau ko kwalbar bai dawo da ita ba. A mota ma ya riƙa kirana Likita, yanzu har 'yan Ghana sun ɗauka.

Kwalbar dai ina son abata, murfinta na da kyau.