Jini Ɗaya Ba Ya Nufin Iri Ɗaya

'Yan'uwana matasa, akwai kalmomin da muke cakuɗawa a baki kamar ma'anarsu guda ce, alhali magabata sun ware wa kowace muhallinta. Idan aka ce abu biyu iri ɗaya ne, nau'insu ko siffarsu ake nufi, kamar ankon biki da aka yanko daga bandir guda. Bai ɗaya kuwa tsari ne da mutane suka daidaita a kansa, irin farashin bai ɗaya a kasuwa. Kama ta ido ce kawai, shi ya sa aka ce kama da wane ba ta wane. Takwaranka suna ne ya haɗa ku, sa'anka kuma shekaru. Amma jini ɗaya, tsatso ɗaya da ciki ɗaya magana ce ta haihuwa, kuma a nan ne kuskuren fahimta yake jawo kuka.

Na zauna da wani matashi ana saura wata biyu ɗaurin aurensa, na tambaye shi ko ya yi gwajin jini. Sai ya zaro takardar yayansa daga aljihu, ya nuna mini AA da yatsa, wato rukunin da ba ya ɗauke da ƙwayar sikila, ya ce: "Ai uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, jininmu ɗaya ne." Da ƙyar aka shawo kansa ya je asibiti, sakamako ya fito AS, wato yana ɗauke da ƙwayar sikila guda, ita ma yarinyar AS ce. Abin da bai sani ba shi ne, kowane ɗa yana ɗaukar rabin ƙwayoyin gadonsa daga uwa, rabi daga uba, kuma rabin da wa ya ɗauka ba lalle ne shi ƙane zai ɗauka ba. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, wato sikila, kuma wanda ya taɓa kwana a gefen gadon yaro mai ciwon ƙashi ya san nauyin wannan lissafi. Ko tagwaye ma ba duka ne iri ɗaya ba. Akwai waɗanda ƙwai guda ne ya rabu biyu, akwai kuma na ƙwai biyu, kamar Hassan da Hassana, waɗanda kusancinsu bai wuce na wa da ƙanwa ba. Jihar Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure a 2024, to amma takardar kanka ake nema, ba ta ɗan'uwanka ba.

Kuskure na biyu ya fi wannan muni, domin mutuncin mata yake ci. Ranar suna sai ka ji ana raɗa cewa jariri bai yi kama da kowa a gidan ba. Ku ji tsoron Allah da irin wannan magana. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa wani mutum ya zo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana kokwanto saboda matarsa ta haifi yaro baƙi. Aka tambaye shi launin raƙumansa, ya ce jajaye ne. Aka ce ko akwai mai ruwan toka a cikinsu, ya ce akwai, kuma wataƙila wata jijiya ce ta asali ta fizgo shi. Sai aka ce masa ɗan nan nasa ma wataƙila jijiya ce ta fizgo shi. Yaro yana iya tsallake iyayensa ya ɗauko hancin kakan kakansa da babu mai hotonsa.

Ita kanta kalmar ɗan'uwa, asalinta ɗan uwa ne, sai Hausawa suka faɗaɗa ta har ta rufe maƙwabci da baƙo, kuma wannan alheri ne. Abin takaici shi ne yadda muka bar kalmar 'yan uba ta haifi 'yan'ubanci, har ya zama sunan gaba. Sai dai in an zo rabon gado, dole kowa ya amsa sunansa na gaskiya: shaƙiƙi wanda kuke uwa ɗaya uba ɗaya, li'abi na wajen uba, li'ummi na wajen uwa. Inda mamaci bai bar ɗa ko 'ya ko jika ba, kuma bai bar mahaifi ko kaka namiji na wajen uba ba, li'ummi guda yana da sudusi, wato ɗaya cikin shida, idan sun kai biyu ko fiye su raba sulusi, wato ɗaya cikin uku, daidai tsakanin mace da namiji, kamar yadda aya ta 12 ta Suratun Nisa'i ta nuna. Wanda kuka sha nono ɗaya kuwa, aure ya haramta a tsakaninku, amma ba kwa gadon juna. Don haka tun tsofaffin gidanku suna raye, ku zauna gabansu da biro da takarda, ku tambaye su wa ya haifi wa, kuma wace ce ta shayar da wa.