Yammacin Laraba Ba Na Kowa Ba Ne

Wata Laraba a farkon hunturu, ina ɗumama abinci a ɗakin girkin da muke tarayya a gidan ɗalibai a birnin Sheffield na Ingila, sai wani saurayi Bature da ƙofarsa ke kallon tawa ya shigo, gwiwoyinsa duk laka, leɓensa na ƙasa ya fashe, yana ta fara'a saboda sun yi nasara a wasan zari-ruga. Bayan mun gaisa ya tambaye ni wane wasa na buga wa jami'ata lokacin da nake digirin farko a Najeriya. Na ce masa ban taɓa sa rigar makaranta ba, ƙwallon yamma kawai muke bugawa a bayan hostal. Ya dube ni da tausayi na gaske, ya ce ashe mu karatu zalla muka yi, ba mu ɗanɗana rayuwar jami'a ba. Yaron ba shi da mugun nufi, yana ma cikin mutanen kirkin da na haɗu da su a ƙasar nan, amma maganar ta tsaya mini a rai, domin hukunci ne a kan shekarun da har gobe nake ganin sun fi kowaɗanne daɗi a rayuwata, kuma wanda ya yanke shi bai san komai a kansu ba.

Ya kamata mai karatu ya san abin da yaron yake taƙama da shi, domin ba ƙaramin abu ba ne. A yawancin jami'o'in Birtaniya al'ada ce a bar yammacin Laraba babu lakca, musamman ga masu digirin farko. Daga misalin ƙarfe ɗaya azuzuwa sukan zama wayam, sai ka ga dogayen motocin safa sun jeru a bakin ginin wasanni, ɗalibai maza da mata suna ta shiga da jakunkuna, kowace ƙungiya da rigarta mai tambarin makaranta, wasu har da harufan sunansu a ƙirji. Waɗannan za su Leeds buga ƙwallon raga, waɗancan za su Nottingham wasan hoki, wasu kuma suna jiran baƙi daga Newcastle. Filayen ciyawa an aske su an ja musu farin layi tun da safe, na ciyawar roba kuwa an kewaye su da manyan fitilu, saboda a watan Disamba kafin ƙarfe huɗu duhu ya rufa. Akwai alƙalin wasa, akwai akwatin magani a gefen fili, akwai ɗakin canza kaya mai ruwan zafi. Wasannin ma ba su tsaya ga ƙwallon ƙafa ba: akwai ninƙaya, dambe, harbin baka, tseren kwale-kwale, hawan bangon da aka gina a cikin ɗaki da 'yan duwatsun roba na kamawa, har da wasan takobi wanda ake rufe fuska da raga ta waya.

Hukuma guda ce mai suna BUCS, wadda aka kafa a 2008, take tsara gasannin jami'o'in ƙasar baki ɗaya. Kowane wasa yana da maki, a ƙarshen shekara a tara a jera makarantu, kuma Jami'ar Loughborough ta shafe sama da shekara 40 ba wanda ya ture ta daga saman jerin. A nan Sheffield jami'o'i biyu ne, duk shekara kuma sukan kara da juna a wasanni masu yawa, kuma wasan hokin ƙanƙara da ake yi a babban zauren birnin yakan tara dubban ɗalibai, ɓangare ɗaya baƙi da ruwan zinariya, ɗayan ja mai duhu. Jessica Ennis, wadda ta ci lambar zinariya a gasar Olamfik ta Landan a 2012, 'yar garin nan ce, a nan kuma ta yi digirinta. Wanda ba gwani ba ma an tanadar masa gasar sassa da ta gidajen kwana, wanda kuma ba ya son gudu yana iya shiga ƙungiyar masu dara, ko masu gasa burodi, ko masu yawon ƙafa a tsaunukan Peak District da ke bayan gari. Kowace Asabar da ƙarfe tara na safe, a lambun Endcliffe, ɗaruruwan mutane, ɗalibai da tsofaffi da masu tura jarirai a keke, sukan yi gudun kilomita 5 kyauta.

Ba zan ce wannan bai burge ni ba. Abin da ya fi burge ni ma shi ne yadda ɗalibi ya san tun watan Satumba makonnin da zai yi jarrabawa a watan Mayu, shi ya sa yake iya ɗaukar alkawarin wasa na wata shida a gaba. Mu kuwa yajin aikin malaman jami'a ya cinye wata tara a 2020, ya sake cinye wata takwas a 2022, kuma ba a gina gasa a kan kalandar da ba ta da tabbas. Na kuma ga 'yan mata Musulmi da hijabinsu suna buga ƙwallon kwando ba wanda ya ɗaga ido ya kalle su, na yi fatan ƙannena mata su sami irin wannan sarari.

Sai dai cewa ba mu ɗanɗana rayuwar jami'a ba, wannan ban yarda ba, kuma ba zan yarda ba. Tun 1966 jami'o'in Najeriya suke da gasar wasanninsu ta NUGA. A Zariya Masai Ujiri ya tashi, a can ya fara ƙwallon kwando, kuma shi ne ya shugabanci ƙungiyar Toronto Raptors har ta ɗauki kofin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, a 2019. Wanda ya taɓa zama a gidan kallo ranar Asabar ya san ma'anar kallon ƙwallo, kuma abin da mutane da yawa a gida ba su sani ba shi ne, wasannin ƙarfe uku na ranar Asabar da muke kallo kai tsaye a kan benci da kuɗi kaɗan, Baturen Ingila ba ya ganin su a talabijin ɗinsa, domin an hana nuna ƙwallo kai tsaye a ƙasar daga ƙarfe 2:45 zuwa 5:15 na wannan yammaci don kada filaye su rasa 'yan kallo. Ɗalibin da ke Kano ko Sakkwato ya fi ɗalibin da ke Manchester ganin Firimiya, ya kuma fi shi abokan musu idan an tashi.

Babban abin da ya raba mu da su shi ne hanyar shiga. A nan komai sai da kati. Shiga ƙungiya da kuɗinta, riga da kuɗinta, ɗakin motsa jiki da kuɗinsa na wata. Idan ku goma kuna son buga ƙwallo, sai ɗayanku ya buɗe manhaja a waya ya kama fili na awa ɗaya, ya biya, sannan ya bi kowa ya turo masa kasonsa. Filin a cikin keji yake, an kewaye shi da waya mai tsawo, kuma tun saura minti biyar za ka ga masu jiran layi sun tsaya a bakin ƙofa suna duba agogo. Lokaci na cika kowa ya ɗauki jakarsa, a ɗaga wa juna hannu, a watse. Na sha tsayawa a jikin irin wannan keji da takalmin ƙwallo a jakata, ina ganin ɓangare ɗaya mutum huɗu ne ɗayan biyar, amma ba wanda ya ce mini in shigo in cike, saboda ba a san ni ba kuma ban biya ba. Duk wanda ya yi makaranta a gida ya san cewa wannan ba zai taɓa faruwa a filin bayan hostal ba, inda tsayuwarka kaɗai ta isa a ce, “Malam, kana bugawa?”

Bayan wasa kuma sai babbar katanga. Daren Laraba daren shaye-shaye ne a kusan kowace jami'a a ƙasar nan. Ƙungiyoyi sukan haɗu a mashaya, sau da yawa cikin shigar ban dariya da aka zaɓa wa makon, a yi ta wasannin da hukuncin wanda ya faɗi shi ne ya shanye kofi, daga nan a wuce gidan rawa har tsakar dare ta gota. A wurin nan ne ake ƙulla abota, a nan ake sanin wanda zai zama kyaftin baɗi. Gaskiya ne ba a tilasta wa kowa, kuma yanzu ana ƙoƙarin shirya tarukan da babu giya, amma wanda kullum yake sallama a bakin fili ya koma ɗaki zai gama shekara ana sanin ƙafarsa ba a san shi ba. Mu teburin mai shayi ne ƙarshen wasanmu, kuma ba a tambayar kowa abin da ke aljihunsa kafin ya zauna.

Akwai kuma waɗanda ba a ganin su sam a cikin motocin nan, su ne suka fi damuna. A shekarar karatu ta 2025/26 kuɗin makarantar ɗan ƙasa fam 9,535 ne, kuma gwamnati ce take ba shi bashi, ba zai fara biya ba sai albashinsa ya kai wani mataki. Ɗalibin da ya zo daga Najeriya yakan biya ninkin wannan ko fiye, da kuɗi a hannu, ga harajin lafiya na fam 776 a kowace shekara, ga haya, kuma tun da darajar Naira ta faɗi a 2023 abin da iyaye suka tara ya zama bai kai rabin abin da aka yi lissafi ba. Bizar karatu ta yarda da aikin awa 20 a mako lokacin zango, don haka duk yammacin da babu lakca yammacin aiki ne. A lokacin da Turawa ke ɗaura takalmin wasa, namu suna cikin bas za su gidan kula da tsofaffi, ko rumbun ajiyar kaya a bayan gari inda za su tsaya a kan ƙafa har dare. Na tambayi wani dattijon ɗalibi mutumin Katsina, mai digiri na uku, wanda aka ce mini gwanin tsakiya ne a zamaninsa, ko zai zo mu buga wata Laraba. Ya ce, “Ƙanena, Laraba ai ita ce kuɗin hayata.” Ya faɗe ta ba tare da ƙorafi ba, yana naɗe rigar aiki yana sawa a jaka.

A hunturu azahar da la'asar da magariba duk sukan faɗo cikin awa huɗu, sai mutum ya fito daga aji ya tarar dare ya yi, ya shiga ɗakin da bai fi shimfiɗar gado da tebur ba, ya rufe ƙofa mai nauyi wadda take komawa da kanta. A ko'ina cikin makaranta an manna takardu masu lambar wayar da za ka kira idan kaɗaici ko damuwa sun yi maka yawa, kuma na yaba da hakan, amma ni na fito daga inda idan ba a gan ka a sallar asuba da ta azahar ba, kafin la'asar wani ya buga maka ƙofa. A ɗakinmu na hostal mun yi yawa, ruwa sai an bi layi, wuta sai an yi sa'a, amma ban taɓa cin abinci ni kaɗai ba. A nan ina iya yin mako guda ba wanda ya kira sunana daidai. Na fara zargin cewa duk wannan tsari na ƙungiyoyi da jadawali an gina shi ne don a samar wa matasa dalilin haɗuwa, a ƙasar da ba a shiga ɗakin maƙwabci sai da alkawari.

Muna da laifi mu ma da muke nan, domin hotunan da muke turawa gida na filaye ne da dusar ƙanƙara da gine-gine, ƙannenmu suna gani suna raina abin da ke hannunsu. Ƙungiyoyin ɗalibanmu kuma sun iya shirya taron Sallah da na ranar 'yancin kai, a dafa shinkafa a yi hotuna, sannan kowa ya ɓace sai wata shekara. Da za su ɗauki kama fili sau ɗaya a mako da muhimmancin da suke ba waɗannan taruka, da an rage wa mutane da yawa nauyin da ba sa faɗa. Kuɗin awa ɗaya idan aka raba wa mutum goma bai kai ladan aikin awa ɗaya ba. Wahalar ita ce samun awar da mutum goma daga cikinmu ba sa wurin aiki, kuma a ƙungiyarmu ta WhatsApp har yanzu ana kai ruwa rana tsakanin daren Lahadi da safiyar Litinin.